Facin Da Ya Shiga Ba Gardama

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kano lafiya, kin huta gajiyar mota, kin ci tuwon Gwaggonki. Ki gaishe ta da kyau, ita da maigidanta da yara. Na cusa takardar a aljihun jakar kwamfutarki ne don na san nan hannunki zai fara zuwa, tun kafin ki kwance kayan sawa.

Tun jiya gida cike yake da masu zuwa yi miki sallama, ban samu zama da ke ba, maganar da ke bakina kuma ba ta tsaye ba ce. Kin gaya mini ranar da kika fara shiga ofis za ki miƙa wa shugaban sashenku facin nan, wato gyaran shirin kwamfuta da suka ba ki ki yi don su gwada ki, daga nan a tura shi cikin na'urorin da ke gadin firijin allurar rigakafi a ƙananan asibitocin karkara. Ina roƙonki ki dakata da miƙawar har ki gama karanta wannan. Ban ce facinki ba daidai yake ba. Ban sani ba, kuma ina jin ke ma ba ki sani ba tukuna. Zan zo kan dalili.

Amma bari in fara da Gwaggonki, don za ta tsare ki da tambayar wane irin aiki ne wannan. Ni ta tambaye ni a waya na kasa gamsar da ita, sai daga baya dabara ta zo mini. Ki ce mata a cikin kowace kwamfuta akwai wani shiri da ake kira kanel, shi ne mai rabon wuri. Ki tuna mata karar dabbobi ta Daura ranar kasuwa. Mai kula da kara yana ba kowane mai dabba turke, in ya sayar ya tafi, turken ya koma hannun mai kula, a ba wani. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda kuke kira memori, ita ce filin karar, an yanka ta shafi-shafi kamar turaku. Wani lokaci mutum ya tafi a manta ba a karɓi turkensa ba, a yi ta haka har fili ya cika da turakun da babu dabba a kansu, mai zuwa ya rasa inda zai ɗaure. Wannan shi ne yoyo. Wani lokaci kuma a karɓi turke ɗaya sau biyu, a ba mutum biyu, rigima ta tashi. Masu rubuta kanel, waɗanda ke warwatse a ƙasashen duniya, a sabon kanel suke gyara irin wannan ɓarna. Na'urorinku kuwa tsohon suke ɗauke da shi, kuma ba a iya sauya musu, saboda ɗan shirin da ke magana da ma'aunin sanyi don tsohon kaɗai aka rubuta shi. Aikinki shi ne ki ɗauko gyaran daga sabon ki daidaita shi da jikin tsohon. In ta ce ashe duk karatun nan mai faci kika zama, ki amsa mata haka ne.

Ni ma na taɓa zama mai faci. Kin san rabin labarin, ga shi cikakke.

A shekarun farko da aka dawo da shari'a a jiharmu ina koyar da lissafi a wata sakandare a Sandamu. Aka kawo wa makarantar tsofaffin kwamfutoci da wani ofis ya gaji da su, aka jibge a sito saboda babu wanda ya san kansu. Ni son sanin abu ya hana ni zama. Na samo irin tsarin nan da kowa yake da damar buɗe cikinsa ya karanta, na ɗora musu, na riƙa zuwa Katsina ranar Asabar ina zama a shagon intanet ina karanta muhawarar masu rubuta kanel. Rabin abin da suke faɗa ba na ganewa, amma daɗin da nake ji ba ya misaltuwa. A ce mutum yana zaune a Katsina yana kallon yadda ake ƙera cikin na'ura, layi bayan layi, har da faɗan da maƙeran ke yi da juna!

Kina ajin farko na firamare aka roƙe ni in haɗa wa wani ƙaramin asibiti a Babban Mutum kwamfuta ɗaya, don ajiye bayanan mata masu awon ciki da alluran yara. An sa musu sola saboda firiji, wuta ba ta yankewa. Wadda na ware musu tana da wata 'yar matsala, takan faɗi jefi-jefi in ana kwafar babban abu. Ana cikin haka na ci karo da wani faci a shagon intanet, bayaninsa yana cewa yana maganin sakin shafi ɗaya sau biyu, abin da ke sa na'ura ta faɗi ba zato. Na ce ai ga ciwona ga magani. Na kwafo shi a faifai, na ɗora wa tsohon kanel ɗina, ya shiga ba gardama, ko layi ɗaya bai ƙi zama ba. Na yi murna har na kira abokan aikina su zo su gani, su da ba su san abin da suke kallo ba.

Ummi, shigar faci ba gardama abu ɗaya kawai take nufi: layukan da ke kewaye da wurin sun yi kama da na sabon. Abin da ke ɗora facin ido gare shi, ba ya tunani. Bai san wane sashen kanel ya kira wannan aiki ba, bai san wa ke riƙe da makullin da ke hana sassa biyu taɓa wuri ɗaya a lokacin ba, bai san wa aka ɗora wa alhakin mayar da shafin ba. Facin da ya ƙi shiga ma ya fi tausayinki, don yana tilasta miki ki zauna ki karanta. Wanda ya shiga shiru shi ne za ki bi da fitila.

Na gwada kwamfutar a gidanmu na Daura tsawon makonni, ba ta nuna komai ba. Abin da ban lissafa ba shi ne a unguwarmu ana ɗauke wuta safe da yamma. Duk lokacin da wuta ta tafi, ƙwaƙwalwar kwamfuta takan koma wayam, duk turakun da aka manta a kwashe su, a sake sabon rabo. Ashe masu ɗauke mana wuta share mini ɓarnata suke yi kullum ban sani ba. Wannan rabin ne kika sani, shi ya sa kika jona akwatin gwajinki a soket ɗin falo da ke kan batirin sola. Na ji daɗi da na ga kin yi haka.

Na ɗaure kwamfutar a bayan babur na kai ta Babban Mutum. Na damƙa ta hannun ungozomar asibitin, Malama Binta, mace mai natsuwa da saurin koyo. Har takarda na rubuta na manna a bango, na ce kada a kashe ta, tunda akwai sola, don yawan kashewa yana gajiyar da tsohuwar na'ura. Bayan haka nakan kira ta lokaci-lokaci.

"Malama, yaya akwatinmu?"

"Lafiya lau, Malam, sai godiya. Allah ya saka da alheri."

"Ba ta ba ku wahala?"

"Wace wahala? Ai ta fi wasu ma'aikatan zuwa aiki."

Sai mu yi dariya, in ajiye waya ina jin kaina wani babban injiniya.

Da damina ta faɗi Malama Binta ta tafi hutun haihuwa, aka turo wata ta riƙe mata. Ita wannan ta karanta takardar da ke bango, ta bi umarnina sau da ƙafa. Na'ura ta fara nauyi a hankali, har wata ranar awo ta tsaya cak. Aka kira ni, na bar aji na hau babur. Na tarar da mata zaune a gindin bishiya, wasu sun zo a amalanke daga ƙauyukan bakin iyaka, wasu da goyo ga kuma ciki. Allurar da aka yi wa kowace da wadda ta rage mata duk suna cikin akwatin da ya ƙi motsi. Kafin in iso wasu sun gaji sun juya, don gona tana jiransu. Wata tsohuwa da ta rako surukarta ta dube ni ta ce, "Kai ne mai akwatin? To ɗan nan, da can da littafi ake yi, littafi kuwa ba ya suma." Na wuce ciki wurin kwamfutar. Na kashe na kunna, na'ura ta tashi garau kamar ba ita ba.

Da na je yi wa Malama Binta barka na kawo mata maganar.

"Malama, ashe ta taɓa tsayawa a hannunki?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara wa jariri hula. "Ta tsaya, Malam, tun watan da ka kawo ta."

"Subhanallahi! Me ya hana ki gaya mini?"

"Haba Malam. Ka taso tun daga Daura a kan babur, ka yi mana aikin nan don Allah, sai in ɗaga waya in ce maka abinka bai yi ba? Ai da kunya. Na kashe na kunna na ga ta tashi, sai na mai da shi kamar sharar ɗaki, kullum da safe kafin a buɗe ƙofa."

"Takardar da na manna fa?"

"Ina gaishe ta kullum in wuce."

Na yi dariya har da hawaye, amma a hanyar dawowa na yi ta juya abin. Ba ƙarya ta yi mini ba, mutunci ta yi mini, irin wanda aka koya mana duka tun muna yara. Mu nan in ka tambayi mutum yaya abu, lafiya lau zai ce, ko da rufin ɗakinsa na zuba. Waɗanda suka rubuta littattafan da kika karanta ba su san da wannan ba, suna zaton in na'ura ta lalace mai amfani da ita zai kawo ƙara. Saboda haka kada ki tambayi ma'aikaciyar asibiti yaya na'ura. Ki gaishe ta, ki tambayi yara, sannan ki ce, yaushe rabonki da ki kashe ta ki kunna? Ki yi tambayar da fara'a, kamar abin da kowa ke yi ne, don kada ta ji kamar laifi ake nema. Sannan ki tambayi na'urar da kanta, ai tana riƙe da tsawon lokacin da ta yi a kunne, ita kuma ba ta jin kunyar kowa.

Na dawo da kwamfutar gida, na ari batirin mota don kada wuta ta katse ta, na zauna ina kallon ƙwaƙwalwarta tana raguwa kaɗan-kaɗan. Yoyo ne ƙarara. A nan na yi kuskuren da ya fi ba ni dariya yanzu. Maimakon in tuhumi facin, sai na ce ai kaɗaici ne ke damunsa, yana buƙatar 'yan'uwansa da suka riga shi shiga sabon kanel. Na koma Katsina na kwaso na gabansa. Shi kuma ya nemi wani, wannan ya nemi wasu. Na yi ta ɗorawa, inda suka ƙi shiga in sa hannu in lanƙwasa. Da na gama, abin da ke gabana ba tsohon kanel ba ne, ba kuma sabo ba, wata halitta ce da babu mai irinta a duniya sai ni. Yoyon ya tsaya, amma firintar da ke buga wa mata katin awo ta daina amsawa.

In gyara ya fara jawo miki dangi, ki tsaya ki numfasa. Tsohon kanel darajarsa ita ce an daɗe ana amfani da shi, an san halinsa. Duk layin da kika ƙara masa kin rage wannan sanin. Ki ɗauki mafi ƙanƙantar abin da zai toshe ɓarnar. In dole ne ki sauya wani abu da hannunki, ki rubuta shi a bayanin facin, ki ambaci asalin gyaran da kika ɗauko, ki faɗi inda naki ya bambanta da dalili. Wata rana wani zai gaji aikinki, ba ya da lambar wayarki.

Da na rasa yadda zan yi, na daure na rubuta wa zauren imel na masu kula da tsofaffin kanel. Na yi ta goge Turancina ina sakewa, na buɗe da gaisuwa mai tsawo, na tambayi lafiyar iyalansu. Amsar da ta zo gajeriya ce, ba sallama ba sunana. Abin da mutumin ya nuna mini shi ne, a sabon kanel an taɓa yin wani sauyi da ya mayar da alhakin sakin shafin kan mai kiran aikin, aka manta ba a cire tsohon sakin da ke cikin aikin ba, shi ya sa ake saki sau biyu. Facin da na ɗauko wannan tsohon sakin ya cire. Ni kuwa kanel ɗina bai taɓa samun wancan sauyi ba, saki ɗaya tilo gare shi, shi na cire da hannuna. Ciwon da nake wa magani ba a haife shi ba tukuna a lokacin da aka rubuta nawa. Ya ce in cire komai in koma yadda nake.

Na kwana biyu ina jin haushin rashin gaisuwarsa. Mamanki ta ce, "Malam, gaisuwa ka aika nema ko amsa? In gaisuwa ce ka fita ƙofar gida, za ka samu har ka gaji." Na cire facin duka. Faɗuwar da ta sa na fara wannan tafiya kuwa, ashe sandar memori ce ta sassauta a mazauninta. Na danna ta da babban yatsa, shi ke nan.

To tambayar farko kafin ki ɗauko kowane gyara ita ce, yaushe wannan ɓarna ta shigo? Ki bi tarihin wurin baya har ki ga sauyin da ya haife ta, sannan ki duba ko tsohon naku yana da wannan sauyi. Yanzu na ji masu gyara suna rubuta wannan a jikin facin, abin da a zamanina sai an tona. In sun rubuta, ki tabbatar da idonki. In sun yi miki gajeriyar amsa kada ki ji ciwo, haka al'adarsu take, yadda tamu take doguwar gaisuwa.

Ranar da kika nuna mini facinki a falo na tambaye ki wa ke sakin shafin a tsohon, kika ce, "Baba, ai ya shiga lafiya lau, kuma wata guda ke nan yana aiki bai ko yi tari ba." Gaskiya yawancin abin da ke allonki ya wuce sanina. Na ga sunayen da ban taɓa gani ba, na ji kina maganar shafuka da ake haɗawa su zama ƙato ɗaya, da wata dabarar jinkirta saki har sai duk mai karatu ya ɗaga idonsa daga wurin. Wannan ta ƙarshen ta tsaya mini a rai. Yaya kanel yake sanin kowa ya gama karantawa, alhali bai tambayi kowa ba? In kin samu sarari ki zana mini a takarda yadda nake zana wa ɗalibaina. Amma shaidarki ta wata guda ita ce ta kwantar mini da hankali a ranar.

Yau da safe kina gidan kawunki kina sallama, mamanki tana haɗa miki kaya, sai ta leƙo ta ce, "Malam, ɗan akwatin nan na Ummi da ke falo, in naɗe masa wayarsa?"

Na ce, "Bar shi, ta ce kada a taɓa sai za ta tafi."

"Wane kada a taɓa? Ai kullum sai na taɓa shi."

"Kamar yaya?"

"Soket ɗin nan kaɗai ke da wuta da asuba. In na idar da salla nakan zare shi in sa wayata, in ta ɗan samu in mayar masa. 'Yar fitilarsa tana dawowa kore, ba abin da ya taɓa samunsa."

Na zauna a bakin gado na riƙe kai. Ta ce lafiya? Na yi mata bayani. Ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku, na ɓata wa yarinya aiki! Don Allah kada ka faɗa a gaban mutane." Na ce ba ta ɓata komai ba, gara da muka ji yau. Kada ki yi mata faɗa in kin kira, tun ɗazu take ta jan carbi a kanki.

Ma'anar wannan ita ce akwatinki bai taɓa cika yini da kwana a kunne ba. In akwai yoyo a facinki, mamanki tana share shi kowace asuba. Na'urorin da za a tura wa kuwa a kan sola suke, watanni za su yi ba mai taɓa su. In ɗaya ta suma a asibitin da ke nesa da titi, firiji ya yi ɗumi ba ta yi ƙara ba, za a yi wa yara allurar da ta riga ta mutu, uwayensu su koma gida suna zaton an kare musu 'ya'ya.

Na san abin da nake nema a wurinki ba ƙarami ba ne. Sabuwar ma'aikaciya ce ke, ana kallon saurinki, kuma kin riga kin aika musu cewa kin gama. Yanzu za ki shiga ranar farko ki ce ba ki gama ba. Mai yiwuwa shugaban ya ɓata fuska, mai yiwuwa ya rubuta miki wani abu a ransa, ba zan ce miki ba zai yi ba. Duk da haka ki same shi ki ce, Injiniya, gwajin da na yi ya katse ban sani ba, ina neman lokaci in sake. Ki nemi soket da ba ya mutuwa in an kashe janareta, ki gaya wa mai shara da mai gadi da bakinki, ki riƙa duba tsawon kunnuwar da abin da ya rage na ƙwaƙwalwa. Kafin lokacin ya cika ki bi tarihin facin har tushensa. Wataƙila ki tarar da shi daidai yake tun farko. In haka ne, sai ki miƙa shi kina sane.

Ko me kika gano ki sanar da ni, ki aiko mini da layukan in gani, ko da zan kwana ina harhaɗawa.

Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da abokan aiki nagari, ya ba ki ƙarfin zuciyar faɗin abin da ba ki sani ba a gaban wanda ya fi ki. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki taya Gwaggonki aikin gida. Allah ya kare yaran da aikinki zai taɓa, waɗanda ba za su taɓa jin sunanki ba, ya yi miki albarka duniya da lahira.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
daga Daura